Marigayiya Sridevi: Yarinyar Da Ta Shekara 50 A Gaban Kyamara

'Yan uwana mata, iyayen giji da 'yan makaranta, yau za mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu yi hirar wata mace wadda da yawanku kun san fuskarta kamar ta 'yar ɗakinku, ko da yake ba ƙasarmu ɗaya da ita ba, ba kuwa harshenmu ɗaya ba. Sridevi ke nan, 'yar wasan fim ta ƙasar Indiya, wadda ta rasu a Dubai ran 24 ga Fabrairu, 2018. In sunan bai faɗo miki ba, uwargida, to ki tuna macijiyar nan ta fim ɗin Nagina, mai fararen kaya da idanu kamar na kyanwa, wadda gardi ya tasa a gaba yana busa tana birgima a ƙasa. Na san yanzu kin gane ta.

Tana da shekara 54 ta rasu. A cikin 54 ɗin nan, 50 a bakin aiki ta yi su, domin a 1967 aka fara ganinta a fim, a 2017 kuma fim ɗinta na ƙarshe da ta ja gaba ya fito. An ƙiyasta finafinanta sun kai 300, cikin harsuna biyar na ƙasarsu, watau Tamil da Telugu da Malayalam da Kannada da Hindi. Ni dai ina cikin masu ƙaunarta, ba na ɓoyewa, amma zan ba ku labarin yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa.

Manyanmu za su tuna yadda fim ɗin Indiya ya iso wa mata. Silima wurin maza ce, matar aure mai mutunci ba ta zuwa. Sai da akwatin talabijin ya shigo gidaje, daga baya kuma kaset ɗin bidiyo, sa'an nan muka sami rabonmu. A shimfiɗa tabarma, a cika ɗaki maƙil, maƙwabta da 'ya'yansu, a yi awa uku ana kallo alhali ba mai jin Indiyanci sai 'yan kalmomin da aka tsinta. Tun kafin a fara ɗora wa finafinan nan muryar Hausa muke gane su sarai. Da me? Da fuska da ido da motsin jiki. A nan kuwa Sridevi ta yi wa tsararrakinta fintinkau, domin in ta zaro idanun nan nata ba ki bukatar tafinta.

To ga abin da ba kowa ya sani ba. Sa'ad da muke kallonta ba ma jin abin da take faɗa, ita ma kanta da farko ba ta jin Hindi. Muryar da muke ji a finafinanta na fari ba tata ba ce.

Dalili kuwa, 'yar kudu ce. An haife ta ran 13 ga Agusta, 1963, a wani ƙauye kusa da Sivakasi a jihar Tamil Nadu, garin da ya yi suna wajen yin ashana da kayan wasan wuta. Ubanta lauya ne. Harshen gidansu Tamil da Telugu, waɗanda ba su da dangantaka da Hindi ko ta kusa, sai ka ce Hausa da Yarbanci. Tana da shekara 4 aka sa ta a wani fim na Tamil mai suna Kandhan Karunai. Daga nan ba ta sake hutawa ba. Wani lokaci ma wasan yaro namiji ake ba ta. A 1971 gwamnatin jihar Kerala ta ba ta kyautar yarinyar da ta fi iya wasa, saboda fim ɗin Poompatta. Uwarta ce ke raka ta wurin aiki, ta zauna tana jira har a tashi.

Ke 'yar makaranta, kada ki yi saurin cewa ina ma ni ce. Sridevi da bakinta ta gaya wa 'yan jarida cewa ba ta sami zaman makaranta ba, ba ta san rayuwar kwaleji ba, daga wasan yara sai ta zarce wasan manya ba tare da ta numfasa ba. Tana da shekara 13, a 1976, aka ba ta babbar mace a fim ɗin Moondru Mudichu, tare da Kamal Haasan da Rajinikanth, dukansu a lokacin samari ne masu neman suna. A labarin har aure ta yi, ta zama matar uban Rajinikanth. Akwai wanda ya fi wannan. A 1972 ta fito jikar babban ɗan wasan Telugu, N. T. Rama Rao, a fim ɗin Badi Panthulu. Shekara 7 bayan haka, a Vetagadu, sai ga ta budurwarsa, suna rawa suna waƙa, mutumin da ya ba ta shekara 40 cif. Masu rubuta tarihinta suna kawo wannan don su nuna gwanintarta. Ni kuwa duk sanda na tuna sai in ji tausayin yarinyar. Wadda ya kamata a ce tana aji tana rigima da lissafi, ita ce ke ɗauke da tukunyar manya a ka.

A 1979 aka gwada ta a matsayin babbar 'yar wasa a fim ɗin Hindi, cikin Solva Sawan. Fim ɗin ya faɗi warwas. Ta koma kudu inda ake ji da ita, ta ci gaba da abinta. Sai a 1983 Himmatwala ya fito, ita da Jeetendra, fim ɗin nan mai rawa a tsakiyar ɗaruruwan tukwane a bakin ruwa, ya yi kasuwar da ba a zata ba. Daga nan Bambai, cibiyar finafinan Hindi wadda yanzu ake kira Mumbai, ta buɗe mata ƙofa. Ita da Jeetendra kaɗai sun yi fim 16.

Amma fa harshe yana nan. Sai a rubuta mata maganar ta haddace, ta motsa baki daidai, ta ba fuskarta abin da maganar ke nufi, daga baya wata ta zo ta ɗora murya. Yawanci wata tsohuwar 'yar wasa ce mai suna Naaz ke yi mata. A fim ɗin Aakhree Raasta na 1986 kuwa, wanda ta yi da Amitabh Bachchan, Rekha ce da kanta ta ara mata murya. Ku duba fa, mace tana kan ganiyarta, ana layi don a gan ta, amma tana koyon harshe kamar 'yar aji ɗaya. Ba ta ce ai na riga na yi suna, a ci gaba da ara mini ba. A 1989, cikin Chandni, aka fara jin muryarta ta ainihi a fim ɗin Hindi. Shekara 10 ke nan daga Solva Sawan.

In za a tambaye ni fim ɗinta da ya fi, ba zan ce Nagina ba, Sadma zan ce, na 1983. Tun a 1982 suka yi shi da Tamil, ita da Kamal Haasan, sa'an nan aka sake shi da Hindi. Budurwa ce ta yi haɗarin mota, ta bugu a ka, hankalinta ya koma na ƙaramar yarinya. Miyagu suka kai ta gidan karuwai. Wani malamin makaranta ya gan ta, ya gane halin da take ciki, ya sace ta ya kai ta garin da yake koyarwa a kan duwatsu, yana renonta kamar 'yarsa, yana yi mata wasan biri don ta yi dariya. Kowa zai iya maƙale murya ya ce shi yaro ne. Sridevi kuwa har tafiyarta da yadda take tura baki in ta yi fushi da yadda take riƙe ɗan kwikwiyonta, duk na yarinya ne, har ki manta budurwa ce 'yar shekara 20 a gabanki. Da aka yi mata magani ta warke, sai ta tuna iyayenta, ta manta malamin ƙaf. Ya biyo ta tashar jirgin ƙasa a guje, ya faɗi ya ji ciwo, jikinsa duk taɓo, yana yi mata wasannin da ta saba dariya a kansu ko za ta tuna. Ita kuwa tana zaune a bakin taga tana dubansa kamar mahaukaci, har ta jefa masa abinci don tausayi, jirgi ya tashi. A wurin nan ba ta yi kuka ba, ba ta yi wata magana mai tsawo ba, kallon rashin sani kawai ta yi masa. Kallon nan shi ya fi komai ciwo. Wadda ba ta taɓa gani ba, in za ta kalla ta tanadi gefen zane.

Nagina na 1986 kuwa ba sai na ba ku labari ba. Macijiya ta rikiɗa ta zama mace, ta auri Rishi Kapoor, Amrish Puri kuma shi ne gardin da ya fallasa ta ga surukarta, yana nemanta don ta nuna masa inda wani dutse mai daraja yake. Ina ganin abin da ya sa ya shiga ranmu shi ne mun saba da irinsa a tatsuniya, inda dodo ko aljana kan zo a siffar mutum a yi aure. Sai dai a nan macijiyar ce mai riƙon amana, ɗan Adam ɗin ne mugu. Rawar ƙarshe, Saroj Khan ce ta tsara ta, Lata Mangeshkar ta yi waƙar. Idanun nan da suka firgita yara kuwa, wani ɗan gilashi ne mai launi da ake liƙawa a ƙwayar ido. A zamanin da fim na namiji ne, mace rakiya kawai take yi, sai ga fim wanda mace ce ginshiƙinsa, ya kuwa shiga sahun waɗanda suka fi kawo kuɗi a shekarar.

Abin da ba a cika yaba mata ba shi ne ban dariya. Kyawawan 'yan wasa ba sa son su ɓata fuska, ita kuwa ko a jikinta. A Mr. India na 1987 ta fito 'yar jarida mai haya a gidan marayu, ga ta ba ta son hayaniyar yara, har ta sa gashin baki da hula ta kwaikwayi Charlie Chaplin. A ChaalBaaz na 1989 ta fito tagwaye, Anju mai tsoro wadda dangi ke azabtarwa don dukiyarta, da Manju fitsararriya wadda ta tashi a unguwar talakawa ba ta barin ko-ta-kwana. Da suka yi musayar gida, Manju ta karɓi bulala ta rama wa 'yar uwarta. Ko ba a faɗa miki ba, daga tsayuwa kin san wacce ce a cikinsu. Wannan ya ba ta kyautar Filmfare ta gwanar 'yan wasa mata. Ta sake samu da Lamhe na 1991, inda ta fito uwa ta kuma fito 'ya, haka kuma ta yi a Khuda Gawah na 1992 tare da Amitabh, wanda aka ɗauki wani sashe nasa a Afganistan.

Ana cikin ɗaukar Lamhe a Ingila ubanta ya rasu. Ta tafi gida aka yi jana'iza, ta komo, abin da ke jiranta kuwa wasan ban dariya ne da Anupam Kher. Ta yi shi. Mai shirya fim ɗin, Yash Chopra, ya riƙa ba da labarin nan har ƙarshen ransa. A 1995 kuma aka kai uwarta Amurka don a cire mata ƙari a ƙwaƙwalwa, likita ya yi kuskure ya buɗe ɓangaren da ba shi ne ba. Matar ba ta ƙara komawa daidai ba har ta rasu. Wadda ta raka ta wurin aiki tun tana 'yar shekara 4 ke nan.

A 1996 ta auri Boney Kapoor, mai shirya finafinai, wan Anil Kapoor. Auren ya jawo mata surutu ba kaɗan ba, domin yana da matar fari da 'ya'ya biyu, dokar auren mabiya addinin Hindu ta 1955 kuwa ba ta yarda da mace biyu ba, saboda haka shigar wata fitar wata ce. Ba zan wanke ta ba, ba kuwa zan yanke mata hukunci ba, kowace a cikinku ta san zafin abin ta ɗaya gefen ko ta ɗayan. Abin mamaki, fim ɗin da ta yi sallama da shi a 1997, Judaai, zancen kishiya ne. Ta fito matar da son kuɗi ya rufe wa ido har ta sayar da mijinta ga wata attajira a kan Rupi miliyan 20, ta tsaya da kanta aka ɗaura auren. Ta sami gidan bene da gwala-gwalai, ta waiwaya ta tarar miji da 'ya'ya sun koma wajen amarya, wadda ke tashi ta yi musu abin karyawa. Mijin a fim ɗin kuwa Anil Kapoor ne, ƙanin mijinta na gaske.

Daga nan ta shige gida. Ta haifi Janhvi a 1997, ta haifi Khushi a 2000. In ban da wani wasan talabijin da ta yi a 2004, shekara 15 ba ta ja fim ba. A sana'ar da ake yar da mace da zarar ta yi aure, kowa ya ɗauka an gama.

Sai ga ta a 2012, tana da shekara 49, da English Vinglish. Uwargida, in fim ɗaya za ki nema a cikin duk waɗanda na lissafa, to wannan ne, ki kuma zaunar da 'yarki ku kalla tare. Wata mace ce, Gauri Shinde, ta rubuta ta kuma shirya shi, ta ce uwarta ta tuna, wadda ke sana'a a cikin gida ba ta jin Turanci sosai. Sridevi ta fito Shashi, matar aure a garin Pune, mai yin laddu tana sayarwa, watau wani dunƙulen kayan zaƙi mai kama da nakiyarmu. Tana da ciniki, tana da 'yan kuɗinta a ɓoye, gidanta tsaf. Laifinta ɗaya, ba ta iya Turanci ba. In ta faɗi kalma a karkace, miji da 'ya su dubi juna su ƙyalƙyale. Ranar da ta je taron iyaye a makarantar 'yar, ta roƙi malamin su yi Hindi, suka kuwa fahimci juna lafiya lau, amma yarinyar ta fito tana huci wai an kunyata ta. Mijin ba mugu ba ne, ba ya duka, ba ya zagi. Yabonta ma yake yi a gaban mutane, ya ce ai ita don yin laddu aka haife ta, bai san ya soke ta ba.

Bikin 'yar yayarta ya kai ta Niyu Yok ita kaɗai, kafin sauran iyali su iso. Ta shiga kantin shayi, ta kasa faɗin abin da take so, mai sayarwa ta daka mata tsawa a gaban layi, ta fita da gudu ta zauna a benci tana kuka. Daga nan ta ɗauki kuɗin laddunta ta biya wani aji na koyon Turanci na mako 4, a ɓoye. 'Yan ajin duk irinta ne, da direban tasi ɗan Pakistan, da mai reno 'yar Meziko, da mai gyaran gashi 'yar Sin, da kuku ɗan Faransa wanda ya kamu da sonta, ita kuwa ta nuna masa tana da aure. A ranar farko malamin ya gaya mata cewa mai irin sana'arta tana da suna na girma a Turanci, 'yar kasuwa ce mai cin gashin kanta. Ta fito titi tana maimaita kalmar, tafiyarta ma ta sake. Ranar biki aka ce ta yi wa ango da amarya nasiha, mijin ya miƙe zai ba da haƙuri wai matarsa ba ta jin Turanci, ta taɓa hannunsa ta tashi. Ta yi maganarta a hankali, da kurakuranta, a kan cewa gida shi ne wurin da bai kamata a raina mutum ba. Miji da 'ya suka sunkuyar da kai. A jirgin komowa kuma, da Turancinta ta tambayi ma'aikaciya ko akwai jaridar Hindi.

Me ya sa wasan ya zauna mata haka? Ina ganin don ta san abin a jikinta ne. Matar da ta yi shekaru ana ara mata murya, wadda ba ta zauna a aji ba, ba sai an koya mata yadda ake jin kunyar buɗe baki a gaban masu ilmi ba. Ke 'yar sakandare da ke gyara wa mahaifiyarki Turanci a gaban ƙawayenki kina dariya, ki tuna da kuɗin ƙosai ko na ɗinkin wa aka sayi littafin da kika koya a ciki. Ke kuma uwargida da ke cewa girma ya zo, kunya ba za ta bar ki ki shiga ajin manya ba, ai Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi, ban kuwa ji an ce ɗankwali yana hanawa ba.

A 2013 gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri. A 2017 ta yi Mom, wanda aka lissafa shi ne na 300. Nan kuma matar uba ta fito, malamar makaranta, wadda 'yar mijinta ta ƙi kiranta uwa, sai dai malama, ko a gida. Da wasu 'yan iska suka yi wa yarinyar fyaɗe kotu ta sake su, matar uban nan ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba fim ɗin yara ba ne, kada a kunna shi a gaban ƙanana. Amma an daɗe ana nuna mana matar uba a matsayin muguwa, a fim da tatsuniya duka, sai ga wanda ya juya abin.

A Fabrairun 2018 ta je Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bikin wani ɗan uwan mijinta. Bayan biki ta tsaya a Dubai, a can aka tarar da ita a bahon wanka na ɗakinta a otal. Hukumar Dubai ta ce nutsewa ta yi bisa tsautsayi. Ran 28 ga wata aka yi jana'izarta a Mumbai, an lulluɓe ta da tutar ƙasa, 'yan sanda suka yi mata faretin ban girma, dubban mutane suka cika titi. A kwanakin nan ɗan matar farin nan, Arjun Kapoor, wanda tasa uwar ta rasu tun 2012, ya ajiye abin da ke tsakani ya zo ya tsaya wa ubansa da ƙannensa 'yan uba.

Kyautar gwamnatin tarayyar Indiya ta gwanar 'yan wasa mata, wadda ba ta taɓa samu ba duk tsawon shekarun nan, sai bayan rasuwarta aka ba ta, saboda Mom. Mijinta da 'ya'yanta biyu suka je Delhi suka karɓa a watan Mayu, Janhvi tana sanye da sarin uwarta. A watan Yuli kuma fim ɗin Janhvi na farko, Dhadak, ya fito, wata biyar bayan rasuwar. Ita sai da ta gama sakandare, ta kai shekara 21, tukuna aka gan ta a fim.